Kwandon Guntaye

Kalmar da na fi ji a bakin mahaifina, Allah ya jiƙansa, ita ce "walwale". In ka kai masa ɗinki sai ya karɓa da hannu biyu, ya juya shi ta ciki, ya bi layin zaren da babban yatsa kamar mai laluben ƙaya a tafin ƙafa. Muddin yatsan nan ya tsaya, ka san sauran. Ba ya ɗaga murya, ba ya zagi. Zai miƙo maka kayanka ya ce, "Walwale." Sai ka ja gefe ka zauna, ka zare aikin yini guda da bakin basilla.

Mu dukawa ne gaba da baya. A tsohon garin Sakkwato aka haife ni, daga zaurenmu zuwa Hubbaren Shehu ba wata tafiya ba ce. Kakana kayan doki yake yi, babana ya haɗa da gafaka da zabira da tim-tim. Ina ɗan shekara bakwai aka zaunar da ni a kan buzu. Da gwamnati ta kawo ilimin firamare kyauta a 1976 aka sa ni boko, amma ana tashi, allo da zaure ke raba sauran yinin.

Baba yana da alfahari da jar fatar akuyarmu, kuma yana da hujja. Yakan shimfiɗa ta a cinya ya ce, "Wagga hwata ta ga duniya tun ba a haihi kakanka ba." Ya ba mu labarin yadda fatake suke ɗora ta a raƙuma su ƙetare Sahara da ita, har ta faɗa hannun Turawa suna ɗaure littattafai da ita suna kiranta fatar Maroko, alhali akuyar a nan ta yi kiwo. Sannan ya lissafa maka hannayen da ta bi kafin ta iso gare ka: mai kiwo, mahaucin da ya feɗe, majemin da ya jiƙa ta, ya tuje gashin, ya kankare, ya tsoma ta a ruwan bagaruwa kwana da kwanaki, ya shafe ta da mai, aka rine ta da karan dafi har ta yi jan nan da ke ɗaukar ido. Duk wannan wahala, in ji shi, ba a yi ta don wani malalacin yaro ya ɓata ta a minti ɗaya ba.

Tsananinsa ma ba na banza ba ne. Majayin sirdi in ya tsinke doki na sukuwa, mutum ne zai faɗo ta ka. Gafaka kuwa Alƙur'ani za ta ɗauka, almajiri zai rataya ta ya yi gabas da ita, rana ta doke ta, ruwa ya doke ta. Wanda ya yi ha'inci a irin wannan ɗinki ba kasuwa kaɗai ya cuta ba.

A 1988, shekarar da Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya rasu bayan shekara hamsin a kan karaga, na ɗinka gafaka ta farko ni kaɗai, tun daga yanka har igiyar ratayawa. Na kai masa gabana na faɗuwa. Yatsan ya tashi daga wannan kusurwa ya sauka waccan bai tsaya ba. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Rataye can." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ina da shekara ashirin da biyu, kuma daren nan ban runtsa ba don murna. Daga ranar na ƙudurta a raina cewa haka ake yin gwani: a hana shi yabo shekara goma sha biyar, sannan a ba shi kalma biyu. Ai ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsu.

Baba ya rasu a 1996, shekarar da aka yanke Zamfara daga jiharmu, zaure ya dawo hannuna da yara shida masu koyo. Lokacin kasuwa ta fara juya mana baya. Jakar leda da takalmin roba sun cika gari, mai saye na taya aikin sati biyu kamar yana taya albasa. Tsoro ya shige ni, tsoron kada sana'ar da ta rayu a hannun kakanni ta mutu a nawa. Sai na ɗauki "walwale" na ƙara mata abin da Baba bai sa ba. Na ƙara tsawa, na ƙara gori. In yaro ya kawo aiki, idona ba ya ganin ɗinki ɗari da suka miƙe, guda ɗayan da ya karkace yake nema. In ban samu ba sai in ji kamar ban duba da kyau ba. Ina kuma kare kaina da maganar manya, wai ka ƙi naka duniya ta so shi.

Har cikin gida abin ya bi ni. Wata rana babbar 'yata ta sheƙo da gudu da takardar sakamako, ta zo ta biyu a aji mai yara sama da sittin. Ban ko karɓi takardar ba na ce, "Wa yaz zo na ɗaya?" Ta tsaya, ta ninke takardar ta sa a cikin hijabi. Ba ta sake kawo mini sakamako ba har ta gama sakandare, uwarta take kai wa.

Shekara bakwai bayan rasuwar Baba, yayata ta rasu ta bar ɗa namiji ɗan shekara goma sha ɗaya. Inna da kanta ta riƙo hannunsa ta kawo shi zaure, ita da ba ta saba leƙowa ba. Ta ce, "Ga amana nan. Ka koya mai abin da ubanka yak koya maka."

Yaron bahago ne. Kuma tun watan farko na san Allah ya ba shi abin da bai ba ni ba. Ni da koyo da naci na iya, shi kuwa a ido abin yake. Zai tsinci takardar buhun siminti ya zana fure da gawayi, irin zanen da ban taɓa gani a tim-tim ɗin kowa ba. Yana haɗa ja da baƙi da ruwan ɗorawa ka rantse wani tsohon baduku ne ya tsara. Da ina da hankalin da nake da shi yau, da na ce masa, "Ɗana, Allah ya yi maka baiwa." Abin da na yi shi ne na matsa masa fiye da kowa. Tunda hannun hagu yake riƙe basilla, ɗinkinsa yakan kwanta ta wancan ɓangaren. Ƙarfinsa ɗaya da nawa, kyansa ɗaya, kwanciyar ce kawai ta bambanta. Na sa shi ya walwale irin wannan ɗinki ya fi a ƙirga, don kawai bai yi kama da na gidanmu ba. Shekara bakwai yana gabana, ban tuna ranar da na ce masa madalla ba. A zuciyata kuwa shi na zaɓa ya gaje ni. Ban taɓa faɗa masa ba, na ɗauka ai ya sani.

Sai azumin 2010. Wani bawan Allah ya zo, ɗansa ya haddace Alƙur'ani ya kuma rubuta shi da hannunsa, yana son gafakar da ta dace da shi kafin Sallah. Ni kayan dawakin hawan Sallah sun sha mini kai, sai na ɗauko fata mafi kyau da nake ajiya na miƙa wa yaron. Karon farko ke nan da na ba shi cikakkiyar fata shi kaɗai. Na ga yadda ya karɓe ta, ya goge hannunsa a riga tukuna.

Kwana goma sha takwas ya yi a kanta. Da rana yana taya ni, in an sauko daga asham ya koma zaure ya kunna 'yar fitilar batir, don wuta ba ta zama. Wani dare na fito sahur na hango shi ya duƙufa, ya sa fitilar a baki don hannayensa biyu su samu sarari.

A ƙarshen azumin nan ne ruwa ya yi ɓarnar da Sakkwatawa ba za su manta ba. Gulbin Rima ya cika ya batse, ya cinye ƙauyuka da gonaki daga wajen Goronyo har Kware, ya yanke gadar da ke kai mutum Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Danginmu na ƙauye suka cika mana gida da 'yan ƙullin kayansu, ga Sallah ta matso, ga aikin mutane ban gama ba. Ina faɗin wannan ne don a san halin da nake ciki, amma bai wanke ni ba.

Ranar jajibiri mai gafaka ya zo da hantsi. Yaron ya ɗauko ta a nannaɗe cikin tsumma mai tsabta ya buɗe. Mutumin ya ce, "Masha Allah!" har sau uku. Jar fata tana sheƙi, an zagaye bakinta da baƙi, tsakiyar marfin ga wani zane kamar tauraro cikin tauraro. Sauran yaran duk suka aje aiki suka matso. Ni kuwa na karɓa na juya ta ciki, na sa babban yatsa. A kusurwar ƙasa, ƙarƙashin marfi, inda ba mai gani sai wanda ya je nema, ɗinki uku sun fi 'yan'uwansu faɗi kaɗan. Kusa da su kuma ga ɗigon kuloko, baƙin rinin da muke samu daga jiƙaƙƙen ƙarfe, bai wuce ƙwayar gero ba.

Na ɗago na ce, "Wanga ɗunki na?"

Bai amsa ba. Na jawo wuƙar yanka na sa a bakin ɗinkin. Niyyata in farke zaren, amma hannun mai fushi ba ya tsayawa inda aka aike shi. Wuƙar ta zarce ta tsarge fatar har tsakiyar tauraron.

Mutumin ya miƙe tsaye ya ce, "Haba Malam! Ni ta yi mani hakanan!"

Na ce, "Ba ta hita zauren ga da sunan ubana."

Zauren ya yi tsit. Yaron ya durƙusa ya tattara gafakar, ya mayar da ita cikin tsumman ya nannaɗe kamar yadda ya kawo ta. Ko hawaye bai yi ba. Ya ce, "To, Kawu."

Kwana uku bayan Sallah aka wayi gari ba ya ɗakinsa. Daga baya muka ji ya bi motar albasa ya yi kudu, yana Sabo ta Ibadan yana yawon gyaran takalma da ɗan akwati. Sana'a ce ta halal, ban raina ta ba. Amma duk lokacin da na tuna hannun da ya zana tauraron nan yana liƙe silifas a bakin titi, sai abinci ya fita raina.

Inna ta aiko aka kira ni. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba. Ta ce, "Amanar da nib ba ka ke nan? Ubanka har yab bar duniya bai taɓa sa wuƙa ga aikin yaro ba." Na sunkuyar da kai na ba ta haƙuri, amma a zuci ina musu. Ina cewa ita mace ce, tana cikin gida, ba ta san zaure ba.

Abin da ya fara karya mini wannan musu ya zo bayan 'yan watanni. Wani mai kula da dawakin wani basarake ya shigo da majayi a hannu, tsinkakke. Wajen kilisa ya tsinke, yaron da ke kan dokin ya faɗo, Allah ya tsare bai wuce ƙurjewa ba. Aikin zaurena ne. Na duba wurin da ya rabu sai na ga an yi kuskuren yanka, wuƙa ta shiga fiye da kima, aka shafe da gam aka bi da rini aka rufe. Na tara yaran. Da ƙyar ɗaya ya amsa, jikinsa na rawa. Na ce don me bai faɗa mini ba tun a lokacin, ai da an canja fatar. Ya ce, "Malam, na ga abin da anka yi ma ɗan gida, bale ni."

Maganar nan ta zauna mini a ƙirji. Ashe duk shekarun nan ba gwanaye nake tarbiyya ba, masu iya ɓoye kuskure nake tarbiyya. Tsananin da nake taƙama da shi don kada majayi ya tsinke, shi ne ya tsinka majayi.

Daga nan kuma sai na faɗa wani ramin. Na ji tsoron bakina. Duk wanda ya kawo aiki sai in kalla sama-sama in ce, "Ya yi." Mai kyau ya yi, marar kyau ya yi. Na daina juya ɗinki ta ciki. Na ɗauka wannan shi ne sauƙin hali, na kusa shekara biyu a haka. Aiki ya lalace a hankali. Wani ɗan kasuwa da ke ɗaukar mana tim-tim yana kaiwa Abuja ya dawo mana da rabin kaya, ya ce baki na ɓarkewa tun kafin a cusa auduga. Ban ce wa kowa komai ba, na biya shi. Da yamma, bayan sauran sun watse, ƙaramin cikinsu ya tsaya yana ta murza gefen rigarsa. Ya ce, "Baba, ka bar duba aikinmu. Ko ka hid da rai gare mu na?"

Wallahi ban taɓa zaton yaro zai ji "ya yi" a matsayin wulaƙanci ba. Amma gaskiyarsa ce. Wanda ba ka sa ran zai iya ba, shi kake bari da abin da ya kawo. A da na hana su numfashi, yanzu kuma na sake su kamar awakin da ba mai su.

Wanda ya kamo hannuna wani tsohon majemi ne, sa'an Baba, wanda tun ina yaro wurinsa muke sayen fata. Na je zaɓe wata safiya da hunturu, ina ɗaga fatu ɗaya bayan ɗaya ina tsaki. Wannan mahauci ya huda ta wajen fiɗa, wannan kirci ya ci bayanta, wannan ƙaya ta karce ta, waccan ga cizon kaska. Fatun layya ma ba a magana, kowa ya zama mahauci ranar. Tsohon yana zaune yana kallona har na gaji. Sannan ya ce, "Ɗana, shekarata sittin ina jima, ban taɓa ganin hwatar da ba ta da tabo ba. Kai ma ka sani. Kana saye, ka kai gida, ka auna, ka kauce ma tabon, ko ka sa shi inda ba ya cuta. To kai da ka karɓar akuya da tabonta, mi yas sa ba ka karɓar ɗan mutum da nashi?"

Labarin ya riga ya kai gare shi, kamar yadda ya kai ko'ina. Na ce, "Baba, ai yadda anka koya mani nika koyarwa."

Ya girgiza kai. "A'a. Walwale kaɗai kad ɗauka. Ina kwandon ubanka?"

Na yi shiru, don na gane kwandon da yake nufi. Wani tsohon kwando ne da ke bayan ƙofar zaure, inda Baba ke tara guntayen fata, ragowar yanka. Duk sabon yaro daga nan yake farawa. Ka ɗebi guntu ka huda, ka ɗinka, ka ɓata, ba mai tambayarka. Shekara biyu na yi ina ɓarna a kwandon nan. Bayan rasuwarsa na ga guntayen kuɗi ne, na riƙa sayar wa masu ɗinkin laya, kwandon kuma aka kai shi cikin gida ana zuba gawayi.

A hanyar komawa gida abubuwa suka riƙa dawo mini ɗaya bayan ɗaya, har na tsaya a gindin wata darbejiya na zauna. Na tuna in Baba ya ce "walwale", yakan gusa a kan buzunsa ya ba ni wuri, ya ɗinka ukun farko da hannunsa ina kallo, sannan ya miƙo mini. Na tuna bai taɓa gyara mini a gaban mai saye ba, sai ya bari an tafi. Na tuna zabirata ta farko, karkatacciya, bai yar da ita ba. Ya kai ta kasuwa ya ce wa mai saye, "Aikin ɗan koyo na, ka rage kuɗin," ya dawo ya zuba mini 'yan kwabban a tafin hannu. Na kuma tuna ba kowane kuskure yake tsayawa a kai ba. In ɗinkin da zai ɗauki nauyi ne, ko sau goma sai ka sake. In na ado ne a wani lungu, yakan nuna maka da farce ya ce, "Gaba ka kiyaye," ya wuce. Duk wannan ya faru a kaina, amma zafin kalma ɗaya ya rufe mini ido, ita kaɗai na riƙe na kai gaba. Inna ta fi ni sanin zauren da ba ta zama a cikinsa.

A 'yan kwanakin da suka biyo baya, a karatun da muke yi tsakanin Magariba da Lisha, malaminmu ya kawo hadisin Anas ɗan Malik, wanda ya yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hidima shekara goma, ya ce bai taɓa ce masa ko "tir" ba, bai taɓa ce masa don me ka yi kaza ko don me ba ka yi kaza ba. Na sha jin hadisin, amma ranar kamar da ni ake. Bayan an tashi na bi malam na ce, "Allah shi gafarta Malam, to ina hadisin da ke cewa Allah yana son in ɗayanmu zai yi aiki ya kyautata shi?" Ya yi murmushi ya ce ai ba su yi karo ba. Ya ƙara mini da na mai karatun Alƙur'ani yana in'ina, yana shan wuya, wanda aka ce yana da lada biyu. Ya ce, "Ba a ce shi bar gyara karatunai ba, ba a kuma kore shi daga karatu ba. Ɗan Adam tara yake, bai cika goma ba. Kai dai ka taimake shi shi kai taran."

Washegari na shiga cikin gida na zazzage gawayin, na wanke kwandon na mayar da shi bayan ƙofa.

Ban rage komai daga abin da nake nema a wurin yarana ba, kada wani ya fahimce ni a karkace. Har gobe majayi ko igiyar gafaka ba sa fita zaurena sai na ja su da ƙarfina. Har gobe ba a sayar da fatar tunkiya da sunan ta akuya a wurina, don ta tunkiya ta fi laushi amma ba ta kai ta akuya ƙwari ba, mai saye kuma yana da haƙƙin ya sani. Abin da ba na yafewa yanzu shi ne ɓoye kuskure. Wanda ya ɓata fata ya kawo da kansa, mu zauna mu ga me za a fitar daga cikinta, ko alabe ko kube. Na koma juya ɗinki ta ciki, na koma cewa "walwale", sai dai yanzu ina gusawa a kan buzu. In na ga kurakurai biyar, wanda ya fi hatsari nake kamawa, sauran su jira wani satin, don na lura yaron da aka jibga wa biyar ko ɗaya ba ya gyarawa. Yabo kuma na gano shi ma aiki ne, sai ka duba da gaske kafin ka yi shi. "Ya yi" ba ta ƙara wa kowa komai. Amma in ka ce, "Kusurwar ga ta hi ta jiya zama, yaya kay yi?" sai ka ga yaro ya gyara zama yana yi maka bayani, gobe kuma ya maimaita. Wani lokaci nakan ɗauko wani tim-tim da na yi kuskuren aunawa a kansa da girmana, in nuna musu inda na yi ƙari. Abin ya yi mini nauyi da farko.

'Yata kuwa, tana gidan mijinta da 'ya'ya biyu na je na same ta na tayar da maganar takardar nan. Na zaci ta manta. Ta faɗa mini har launin hijabin da ta sa ranar.

Ɗan yayata ya shekara biyar bai taka Sakkwato ba. Yana aiko wa Inna saƙo, ni ko gaisuwa. Ciwon ajalinta ne ya dawo da shi. Daren kwana uku da rasuwarta, bayan masu gaisuwa sun watse, na same shi zaune a dakalin ƙofar gida shi kaɗai. Na zauna kusa da shi. A al'adarmu kawu ba ya neman gafarar ɗan da ya rena, kuma na daɗe ina juya yadda zan fara. Ƙarshe na ce, "Ɗana, na zalunce ka. Gahwakar nan ta hi duk wadda nit taɓa yi. Ka yahe mani."

Ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ce, "Kawu, ba wuƙar ta hi yi mani ciwo ba. Shekara bakwai ina gabanka ban sani ba ko na iya ko ban iya ba. Da sau ɗaya kac ce mani na iya, da ko ka yanka goma ina nan."

Ya ce ya yafe. Amma bai dawo zaurena ba, ni ma ban matsa ba. Ya kama ɗan shago a wajen Mabera, yana yin jakunkunan mata da na kwamfuta da takalma, yana ɗaukar hotonsu da waya ya sa a WhatsApp da Facebook, masu saye na aiko kuɗi daga Kano da Legas ba su taɓa ganin fuskarsa ba. Ɗinkinsa na nan a kwance ta hagu, kuma yanzu shi ne alamar da ake gane aikinsa da ita. Yana da yara uku masu koyo. Ran da na fara zuwa na hangi wani kwali a bayan ƙofa cike da guntaye, ban tambaye shi inda ya samo dabarar ba.

Abu ɗaya ne bai warke ba. Duk lokacin da na yi sallama a shagon, ko yana tsakiyar ɗinki, sai ya aje basilla ya sa hannayensa a cinya har in tafi. Yana hira, yana dariya, yana aika yaro ya sayo mini fura, amma ba ya ɗinki a gabana. Na lura tun zuwan farko, ban ce komai ba. Na dai riƙa zuwa duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci, in zauna a benci ina kallon titi.

Juma'ar da ta wuce na tarar yana haɗa bakin wata jaka, mai ita na jira da yamma. Na yi sallama, ya amsa, ya aje basillar kamar kullum. Muka gaisa, na tambayi iyali, na juya ina kallon masu kabu-kabu na wucewa. Can sai na ji ƙarar zare na ratsa fata a bayana. Ban waiwaya ba. Na ci gaba da kallon titi har ya kai ƙarshen layin, na ji ya cije zaren, sannan ya taɓa kafaɗata ya miƙo mini jakar ta ciki.

Ya ce, "Kawu, duba mani."